Mazaunin Haladu

Raed ya sake tura mai har ƙarshe. Injin dizal ya yi ruri, ya tofar da baƙin hayaƙi, jirgin ruwan ya ɗaga hanci sama, ya tsaya a haka. Kamata ya yi ya sauke hancin, ya hau saman ruwa ya sheƙa. Ina! Sai jan gindi yake yi kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Can baya, a kan tsohon akwatin ƙanƙara, mahaifinsa Haladu yana kallo. Nan ne mazauninsa tun Raed na goye. Tunda ba a tambaye shi ba, to su ƙarata.

Sun yi nisa da gaɓar Abhur da ke Jidda, jirgi maƙil da kifi, ga iskar arewa ta taso bayan la'asar. Jirgin da ya hau ruwa zai riga ta isa gida. Wanda ke jan gindi kuwa, igiyar ruwa ta baya za ta yi ta faɗa masa a ciki har ta kifar da shi. Tuni ta fara lasar katakon baya.

Ba yau abin ya fara ba. Watanni ke nan Badr, makanike abokin Raed, yana fama da jirgin nan. Ya canza filtar mai. Ya kankare ƙasan jirgi tas. Ya buɗe tarbon inji, ya wanke, ya mayar. Ya sa ƙaramar farfela, ya cire, ya sa wata. Inji lafiya lau, amma da an yi lodi sai ya ƙi. Shi ya sa yau Badr ya biyo su teku, ya gane wa idonsa.

Shi Badr ɗin ma ba ladabi. Da safe ya shigo jirgi ya wuce ta gaban Haladu ko sannu babu, ya zuba shayi kofi biyu, ya miƙa wa Raed ɗaya. 'Ya'yan Jidda ke nan.

"Yalla, kaya su koma gaba!" in ji Badr.

Suka ja kwandunan kifi zuwa hancin jirgi. Suka ja jarkunan mai, da ƙarfen anka, da igiyoyi. Badr ya kunna famfo ya zuƙe ruwan da ya taru a ƙasa, sannan ya dawo ya kai hannu ga akwatin ƙanƙara.

"Bar wannan," in ji Raed, bai ko waiwayo ba.

Badr ya janye hannu, ya goge shi a riga, duk da zafin nan yana cewa ya ji sanyi. Ya je ya kwanta rub da ciki a hancin jirgi don ƙara nauyi. Raed ya tura mai. Hayaƙi, ruri, hanci sama, shi ke nan.

"Wallahi ban gane ba," Badr ya ɗaga murya. "Duk lissafina ya fita, saura nauyin mutum guda a baya."

Haladu ya ji habaicin, ya ƙara gyara zama. A jirgin nan dokar tsohuwa ce: in an yi lodi, mai tuƙi ya ce gaba, kowa ya koma gaba. Kowa, ban da uba. Ɗa ba ya ce wa ubansa tashi. Raed ya san wannan, shi ya sa idonsa na kan hular Haladu da ke rataye kusa da sitiyari, ya ƙi duban baya.

Igiyar ruwa ta farko ta shigo sosai, ta jiƙa Raed har gwiwa. Haladu bai motsa ba, rigarsa dama a jiƙe take.

"Halas, shi ke nan, zubar da kifin!" Badr ya yi ihu.

Suka juye kwanduna a teku, wahalar yini guda tana nutsewa a gabansu. Jirgi ya yi sauƙi, amma gindinsa na nan a danne. Igiya ta biyu ta rufe murfin inji, ya yi tari, ya kusa mutuwa. In injin ya mutu a nan, sai dai a yi wa uwar Raed ta'aziyya.

Tsoro ya kama Raed ƙwarai, kunya kuma ta fi tsoron. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kuka. Larabci yake yi kullum, amma da ya buɗe baki sai Hausarsa mai gargada ta fito.

"Baba, ka yafe mini. Ka tashi. Don Allah ka koma gaba."

Haladu ya dubi ƙeyar ɗansa. Duk fushinsa ya sauka, tausayi ya cika shi. Ya miƙe a hankali, ya bi gefen jirgi, ya wuce Raed, ya wuce Badr.

Hancin jirgi ya sauko. Ya hau ruwa ya sheƙa, Badr na kabbara yana waige-waige, ya rasa abin da ya canza.

Haladu ya tsaya a gaba, iska na ratsa shi, ransa fes. Rabon da wani ya yi masa magana tun bara, ranar da igiyar ruwa ta share shi daga kan akwatin nan, aka yi masa sallar gawa babu gawa.