Barkono, Karen Mai Lambu

Tunda ka ce dabarar hana tsohonka zuwa gona kake nema, zauna ka ji misalin wani mai lambu da ya yi zamani a bakin rafi, can ƙasar kuza, lokacin da jirgin ƙasa yake tsayawa a kowace tasha.

Mutumin nan albasa yake nomawa da dankali, kuma ba abin da ya hana shi sakat irin gafiya. Ya shuka, ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta cinye. Wata shekara wani Bature mai haƙar kuza, wanda ya saba sayen kayan lambu a wurinsa, ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa ɗan kwikwiyo. Maƙwabta suka yi ta dariya, domin ko da karen ya gama girma, da kaɗan ya fi kyanwa. Ƙafafu gajeru, gashi mai kaushi kamar soson wanka, ga ɗan gemu irin na bunsuru, kunnuwa kullum a tsaye. Zuciya kuwa ta zaki. Manyan karnukan mafarauta sukan canza hanya in ya tsaya a bakin shinge yana haushi, shi ya sa mai lambu ya raɗa masa suna Barkono. Irinsu don shiga rami aka halicce su. Da ya shinshino gafiya sai ya hau tono, ƙasa na tashi ta bayansa, ya nutse har sai jela kaɗai ake hange, can ya fito da ita a baki ya ajiye a gaban maigidansa. Mai lambu bai taɓa kai shi cikin gida ba, bukkar lambu ce makwancinsa, amma ya riƙe amanarsa. Da yamma in ya gama ban ruwa yakan zauna ya tsince masa ƙarangiya daga gashi, ya cire masa kaska a bayan kunne, ya zuba masa tuwo da romon kan kifi a wani tsohon kwano, sannan ya wanke hannu ya ɗaura alwala. A shekarun nan albasarsa ta yi suna har 'yan kasuwar nesa suna zuwa ɗauka.

Tsufa ya zo, gwiwa ta fara ciwo. Ɗansa da ke aiki a birni ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ka huta haka nan, wahalar ta isa." Tsoho ya yarda, amma ya ce ba ya tafiya ba Barkono. Yaron ya ɗauke su zuwa birni, kuma bai yi ƙwauro ba. Gida ne mai doguwar katanga, tsakar gida duk siminti, ya gina wa karen ɗan ɗaki a bayan gida, nama kullum, wanka da sabulu. Da farko Barkono ya yi ta yi wa katanga haushi, ya tauna takalman yara. Daga baya ya koma karce siminti har faratansa suka yi jini. Sannan ya yi shiru. Ya kwanta ya ɗora kai a kan ƙafafu, nama na gabansa ƙudaje na bi. Likitan dabbobi ya duba shi ya ce bai ga cuta ba. Tsoho yana kan kujera yana kallo, shi ma ƙafafunsa sun kumbura don zama, abinci ba ya masa ɗanɗano, in an gaishe shi da ƙyar yake amsawa.

Ran nan da hantsi ya ji surukarsa tana salati a tsakar gida. Ya dogara sanda ya fito, sai ga babbar tukunyar furen da take ji da ita a kife, Barkono ya tone ta ƙarƙaf, gemunsa duk jar ƙasa, jela na kaɗawa kamar za ta tsinke. Tsoho ya sunkuya ya ɗebi ƙasar nan, ya murza ta a tafin hannu, ya kai hanci. Ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Da ɗansa ya dawo daga aiki ya ce masa, "Allah ya yi maka albarka, ba ka rage mu da komai ba. Amma ni da wannan halitta ƙasa ce abincinmu. Ka mai da mu."

Yaron ya yi gardama, ya kawo maganar gwiwa, ya kawo maganar abin da mutane za su ce, daga ƙarshe ya sa su a mota. Sun tarar da lambu ya zama jeji, ramukan gafiya ko'ina. Barkono da bakinsa ya riga ya yi furfura ya dire ƙasa ya nufi ramin farko, ko waiwaye bai yi ba. Tsoho kuwa fangali kaɗan yake iya gyarawa, a zaune yake cire ciyawa, amma kumburin ƙafa ya sace, muryarsa ta dawo, har daga tsallaken rafi ana jin sa yana yi wa karen faɗa kan ya tone masa irin albasa. Haka suka ci damina bayan damina. Karen ne ya riga shi tafiya, aka same shi da safe kwance a bakin wani rami da bai gama tonawa ba, tsoho ya haƙa masa wuri a gefen shinge da hannunsa. Ɗan nan har ya tsufa yana faɗin cewa da ya ci gaba da riƙe su a birni, da da hannunsa ya binne su tun suna numfashi.

Masu iya magana sun gama zance da suka ce, hali zanen dutse ne, ba mai iya kankare shi.