Awa Ɗaya ta Duhu

Shekara talatin ke nan da aka rataya madubai masu maido da hasken rana a sama, duhu bai sake sauka a garinmu ba. Ni da nake digiri na biyu a ilimin taurari, ban taɓa ganin tauraro ba sai a ɗakin duhu na jami'a, inda ake haska su a rufi. Awa ɗaya ake ba kowane ɗalibi a wata.

Ana jibi jarrabawa na tafi da kakata, Iya Gambo, don ta dame ni sai ta ga abin da nake karantawa. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta yi sallama.

Ana kashe fitila ta damƙe hannuna. "Turai, an shigar da kaji?"

"Iya, hantsi ne fa a waje."

Ta ɗaga kai. "Ga Kaza da 'Ya'yanta can. Da su babanmu yake gane lokacin shuka."

Na buɗe baki zan faɗa mata nisansu, sai na ji numfashinta ya sauya. Barci ya ɗauke ta, ko ƙyallen da take ɗaure ido da shi in za ta kwanta ba ta nema ba.

Can Malam Tukur, mai kula da ɗakin, ya leƙo. "Lokacinki ya cika. Kin gama aune-aunen?"

"Ko farawa ban yi ba. A ba ni awata ta watan gobe."

"In kin cinye ta yau, da me za ki yi bincikenki?"

"Don Allah Malam, a yi magana a hankali," na ce. "Kada a tashe ta."