Ɗigon da Ya Hana Mai Hoto Zama

Tunda ka sayi kyamara, har ka fara tambayar yadda ake buɗe cikinta, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai hoto. Gwani ne, babu mai ƙwace masa wannan, sai dai bakinsa ya riga hannunsa girma. Ya taɓa tayar da janareton maƙwabci da bugu biyu, tun daga ranar ba a ƙara ambaton abin da ya lalace a gabansa bai ce a kawo ba. Wata tsohuwar ungozoma ta aika a kira shi. 'Ya'yanta tara, waɗanda neman abinci ya warwatsa daga Legas har Agadas, za su taru a gidanta ran Asabar, karon farko cikin shekara ashirin da wani abu, kuma da la'asar kowa zai kama hanya. Ƙarfinta ya soma ƙarewa, ita ma ta sani. Abu ɗaya take so: hoto guda, tana tsakiya, suna kewaye da ita cikin fararen kaya.

Ran Talata mai hoto ya ga wani ɗigo kamar ƙwayar riɗi a kusurwar hoton da ya ɗauka. Ya duba na gaba, yana nan. Duk inda aka sami sarari ko farin bango, ga shi a mazauninsa kamar an ba shi gado. Ya goge gilashin gaba, ya canja wani, ɗigo bai motsa ba. Nan ya gane ƙurar tana can ciki, a kan ɗan falangen da haske ke sauka, wanda masu sana'ar ke kira sensa. Abu ne da za a share a kwamfuta da taɓawa ɗaya, amma mutumin naka ya kasa zama. Ya ɗauki hoton sama ya duba, ya ɗauki na bango ya duba, ya ajiye kyamara, ya zaga shago, ya dawo ya sake ɗauka. Akwai mai gyara a birni, tafiyar awa biyu, mai ɗaki a rufe da 'yar robar hura iska da tsinkayen shara na musamman. A waya mai gyaran ya ce a kawo kyamarar a bar masa ita kwana biyu, akwai na gaba a layi. Kwana biyu ba kyamara a wuya? Ran Laraba mai hoto ya je har tasha, ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya sauko. Ran Alhamis ya ce ɗigon ba komai ba ne, ya kuma duba shi sau talatin.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da zuwa birni ya riga ya wuce, ya janyo benci, ya cire gilashin gaba, ya leƙa. Da goro a bakinsa ya cika kumatu ya hura. Ɗigo ɗaya ya haifi arba'in, jajaye-jajaye. Ya ɗauko audugar goge kunne ya bi su, suka baje. Sai dabara ta faɗo masa: ai turare yana bushewa da kansa. Ya naɗa bakin rigarsa mai sitati a tsinken sakace, ya ɗiga turare, bai tsaya ya tuna nasa na mai ne ba. Ya goga, ya ga maiƙo, ya ƙara dannawa. Wata 'yar tsakuwa da ta maƙale a zaren rigar ta bi hannunsa daga wannan gefe zuwa wancan, har ya ji ƙiii a yatsunsa. Ya rufe da sauri, ya ɗauki hoton ƙofa, ya kalla a ɗan allon baya wanda bai kai tafin hannu ba, ya ce wa kansa ai ma ya fi na da kyau.

Ran Asabar ya jera su a tsakar gida, tsohuwa a kujera, fararen kaya har kashe ido suke. Jikoki suka ɗaga wayoyi, ya daka musu tsawa su sauke, kada hankalin mutane ya rabu, ga mai aiki a tsaye. Suka sauke. Ya ɗauka sau shida, aka yi addu'a, aka ci abinci, motoci suka tashi. Da ya buɗe hotunan a kwamfuta, fuskoki goma suna cikin hazo kamar an leƙo su ta tukunyar da ke tafasa, ga wani layi ya taso daga kunnen babban ɗan, ya ratsa fuskar tsohuwa, ya fita ta kafaɗar auta. Duka shidan haka.

Ran Litinin ya yi tafiyar awa biyun da ya ƙi yi. Mai gyara ya haska ciki, ya shinshina, ya ɗago ya dube shi.

"Goro na gani, turare na ji. Wannan layin kuwa sai dai a canja sensar. Ƙurar farko fa, Malam, hurawa biyu ce da roba."

Kyamara ta sami sabuwar sensa bayan mako uku. 'Ya'ya tara kuwa babu mai sake tara su. Tsohuwa ta riga ta sa an kafa ƙusa a bangon ɗakinta, saitin gadonta, kullum tana aike a tambayo ko an wanke hoton. Shi kuma yanzu ta bayan kasuwa yake zagayawa zuwa shagonsa, don kada ya bi ta ƙofar gidan.

Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.