Gitonga da Tseren Ƙarfe Sha Biyu

Takalmin gudun ya iso cikin kwali biyu, ɗaya a cikin ɗaya, kuma Gitonga bai yarda matarsa Jerotich ta taɓa shi ba sai da ta wanke hannu.

Gitonga mutumin Nairobi ne, ɗan ofis, mai ɗan tumbi. Tsautsayi ya sa ya auro mata daga garinmu na kan dutse, inda ko mai tallar madara sai ta tsere wa babur. Shekara huɗu da auren, surukinsa Arap Maswai bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mijin Jerotich". Abin nan yana ci wa Gitonga rai ƙwarai.

Ran Kirsimeti, bakinsa ya ja masa. Ya ce gudu ilmi ne, kuma da kayan aiki na ƙwarai zai wuce Kimutai, ƙanin matarsa, a tseren kilomita goma da coci ke shiryawa duk shekara.

Tsohon ya ce, "Ranar da ka riga Kimutai isowa, da hannuna zan miƙa maka gorar nono, in kira sunanka a gaban jama'a."

A wurinmu ba a miƙa wa rago wannan gorar. Gitonga ya ɗauki hoton takardar sanarwar da ke manne a ƙofar coci, an rubuta da hannu: Asabar ɗin ƙarshen watan Maris, 12:00. Da safe wajen shan shayi ya hango agogon tsohon yana nuna ƙarfe ɗaya, ya yi dariya a hanci, ya ce wa matarsa zai saya wa Baba agogo mai rai.

Wata uku ya yi yana shiri. Ya sayi agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da safa har gwiwa, da tabarau, da wata zuma a 'yan ledoji wadda ake tsotsa ana gudu. Tunda da tsakar rana za a yi, kullum da tsakar rana yake hawa injin gudu, sanye da rigar sanyi biyu, ya kashe fanka, wai yana saba wa jikinsa da zafi. Abokan aikinsa sun sha bayani har suka fara canza hanya in sun hango shi.

Ana gobe tsere ya ƙi kwana gidan surukai, wai katifarsu za ta ɓata masa baya. Ya kama otal a Eldoret, birnin da ke kusa da garinmu.

Jerotich ta kira shi a waya, da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba, ta ce, "Baban Wanja, sha biyun nan fa..."

Ya ce, "Na iya karatu." Ya kashe waya, domin littafin koyon gudu da ya saya ya ce barcin awa tara.

Ya iso ƙofar coci sha biyu saura kwata, amma ya tsaya cikin mota yana shafa mai, yana ɗaure wannan yana manna wancan. Agogon ma sai da ya gama neman tauraron ɗan'adam. Ko da ya fito, sha biyu ta wuce da minti biyar, babu kowa a bakin layi sai wata tsohuwa tana shara.

"Mama, ina 'yan tsere?"

Ta dube shi daga hula har takalmi. "Ai sun tafi."

Minti biyar kacal, in ji shi a ransa. Ya danna agogo ya zuba a guje.

A kilomita na biyu ya cim ma na farko, da lambarsa a ƙirji, yana tafiya yana shan rake. Ya wuce shi. Gaba kaɗan ya wuce wasu uku, ɗaya har da tuta a kafaɗa. Ashe ma 'yan garin nan suna ne kawai, rana ta taɓa su sun narke. Ya tsotsi zumarsa, ya ƙara wuta.

A hawan dutsen nan na bayan gonar shayi ƙirjinsa ya fara zafi, agogo yana ta tsuwa yana cewa ya sassauta. Bai sassauta ba, don can gaba ya hango jar rigar Kimutai. Ga shi nan duƙe a bakin hanya, hannu a ƙasa, da buhu a gefensa.

Gitonga ya tattara sauran numfashinsa. "Ƙanin mata, amai ne? Sannu, ka iso a hankali."

Kimutai ya ɗago. "Mijin yaya, tsaya ka ji..."

Ina, ya yi gaba.

Ya shigo filin makaranta yana tangaɗi, hannu biyu a sama. Jama'a na zaune ƙarƙashin rumfa, kowa da kwano a cinya, ana sakace. Nan take tafi da dariya suka ɓarke, har wasu na faɗowa daga benci. Jerotich ta rufe fuska da gyale, shi kuwa ya ɗauka kukan daɗi ne.

Ya zube gaban surukinsa. "Baba, na riga shi. Ga agogo shaida."

Arap Maswai ya ɗauki gorar da ke gefen kujerarsa ya kifa ta, ko ɗigo bai sauko ba. Sannan ya duba nasa agogon, wanda ke nuna ƙarfe bakwai.

"Mijin Jerotich," in ji tsohon, "mu nan sha biyu fitowar rana ce. Kimutai ya shanye nonon tun da safe, tutoci da kofuna na aike su tsincewa."