Jar Fitila a Gindin Bindiga

Bindigarta, gorar ruwa, da ƙullin dakuwar da Inna ta ce a kai wa Sallau. Abin da Barira ta ɗauko ke nan ta tsallako titin jirgi zuwa ofishin Jam'iyya.

Tun farkon yaƙin basasa, 'yan gurguzu da 'yan Ba-Shugaba na unguwar Marina, wato su Barira, suke yaƙar sojoji tare. Jam'iyyar 'yan gurguzu ce ke raba bindigogi, kuma babu wadda ke tashi sai fitilar gindinta ta nuna kore. Jiya na Marina duk suka koma ja, ga sojoji a bakin kogi.

Ƙanenta Sallau ta tarar a kan tebur. Bai miƙe ba.

"Yaya, abin mai sauƙi ne. Shugabanku ya zo ya yi mubaya'a, a buɗe muku bindigoginku."

"Ka san ba mu da shi. Ko gero za mu raba, sai kowa ya yi magana."

"Ai bindiga ba ta zaman shawara."

"Ni na goye ka, Sallau."

"Kwamared ake cewa a nan."

Amma ya karɓi dakuwar. Ta taga Barira ta hango samari suna hawa motoci, fitilun bindigoginsu kore shar. Motocin ba kogi suka fuskanta ba, Marina suka fuskanta.

"Ki kwana a nan yau," ya ce, idonsa a ƙasa. "Don Allah, Yaya."

Ta bar masa bindigar a kan tebur, ta fita, ta jawo ƙofa ta rufe.

"Ka gaya masa a Marina zan kwana," ta ce wa mai gadi.