Tambayar Hajjo a Bakin Ƙofa

Na amsa laifina: in yara suna magana, "to" kawai nake cewa.

Tun da hukumar makarantu ta kafa na'ura a ƙofa, ba a sakin ɗalibi sai uba ya amsa tambayar da ɗansa ya ajiye. Kuskure uku, yaro ya zauna can har ƙarshen zango.

"Me 'yarka Hajjo ta fi tsoro?" in ji na'urar, ranar da na je ɗaukarta.

"Kare!"

"Saura biyu."

"Lissafi?"

Maigadi ya ce, "Alhaji, anya gida ɗaya kuke?"

Hajjo na bayan gilashi, rungume da jakarta. Gumi ya jiƙa min hula.

"Allura, don girman Allah!"

Ƙofa ba ta motsa ba. Allon na'urar ya nuna amsarta: "Ranar da Baba zai kasa amsa tambayata."

Ga shi da safen ranar ta gaya min amsar, har sau biyu. Na ce "to".