Kwanon Bingo

Shekarata tara ranar da aka fitar da mu daga kwatas ɗin ma'aikata a Kafanchan. An sallami Baba daga aiki, gidan kuma an ba wani. 'Yan sanda uku suka zo bayan azahar suna watso kayanmu waje, Mama na cikin ɗaki tana ɗaure tukwane a zani.

Karenmu Bingo yana ɗaure a gindin gwaiba, yana ta haushi. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya gaji da shi, ya je ya maka masa gindin bindiga a haƙarƙari. Sannan ya juyo kaina, ina rungume da tsohon kwanon da nake zuba wa Bingo tuwo.

"Ke yarinya, karenku ne wannan?"

Na dubi bindigar, na ce, "Ba namu ba ne, oga."

Da Bingo ya ji muryata, sai ya bar kuka ya fara kaɗa wutsiya. Ɗan sandan ya ce tunda ba mai shi, shi yana so. Ya kwance igiyar ya ja shi bayan motarsu.

Da Mama ta fito ta tambaye ni, na ce ya tsinke igiya ya gudu.

"Riƙe kwanon da kyau," in ji ta. "Zai biyo ƙamshinmu har garinmu, Kagoma."

A can ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta hana kowa taɓa shi. Har ta rasu ban iya gaya mata ba.